Jar Saniya a Bayan Kotu

Ku da aka ɗauka aikin nan bana, ina jin abin da kuke faɗi a gindin dogon yaro in kun ga na wuce. Wai aikin masinja ba komai ba ne: ka buga tebur ka ce "Kotu!", ka hau babur ka kai sammaci, ka dawo ka sha inuwa. Ɗayanku har cewa ya yi ƙanensa ma zai iya. To, madalla. Ni dai a cikinsa na tsufa. Na fara da keke na ƙare da babur, na zaga kotunan shari'a tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, kuma har ranar da na ajiye kaki gabana bai daina faɗuwa ba in alƙali ya ce mini, "Karɓi igiya."

Sammacin farko da na kai, tare muka je da wanda ya koya mini aiki, Baba Na'Allah, wani tsoho mai ƙarancin magana da yawan harara. Rikicin iyakar gona ne, can wajen Katuru. Muka tarar da mutumin a ƙofar gida yana cin tuwo da surukinsa. Ni da zumuɗin sabon shiga na kai hannu jaka, sai na ji Baba ya taka mini ƙafa har sai da na ga taurari. Muka gaisa, muka tambayi ruwa, aka yi mana tayi muka ce alhamdu lillahi. Sannan Baba ya roƙi mutumin ya nuna mana hanyar gidan mai gari, hanyar da ya fi shi sani. Sai da muka sha kwanar danga ya miƙa masa takardar. A hanyar dawowa ya ce mini, "In ka ba mutum sammaci gaban surukinai, ka riga alƙali yanke hukunci. Wanga ba gaskiya za shi zo nema kotu ba, ramuwa za shi zo." Ya ƙara da cewa in sha ruwan kowa, amma kada in ci tuwon kowa. Karatun da ya yi mini ke nan, sauran duk da ido na ɗauka.

Kayan aikina ba su da yawa: jaka, igiya, turke, guduma, da ƙullin kanwa. Kuna dariya, me ya haɗa masinja da turke? Ai ba kowace shari'a ce ke shiga jaka ba. Abin da ake jayayya a kansa, alƙali ba ya barinsa hannun mai ƙara ko wanda ake ƙara, sai a danƙa wa wani amintacce har a gama. Na ja jaki, na ja akuya, na ɗauki injin ban-ruwa, akwai ranar da na goyo ƙyauren ɗaki a keke. Dabba kuwa galibi mai gari ake ba ajiya ko liman, ni nawa in kai in ɗaure. Haka ake yi tun ina sabon shiga, har shekarar nan da ta zo mana da abin da ba mu saba ba.

Gero ya fid da kai, wata safiya mai garin wani ƙauye na bayan Kasuwar Daji ya iso kotunmu ta Ƙaura da mutum uku da saniya, jama'a na biye. Jar saniya ce mai dogon ƙaho, da tsohon ciki. Mai ƙara wani tsohon Bafillace ne, Juli, wanda mutanen daji masu bindiga suka kore wa garke da rani, don su ba su bar Bahaushe ba, ba su bar Bafillace ba. Na biyu babban ɗansa ne, Hamma, saurayi dogo wanda ba ya son haɗa ido da mutane. Shi ya hango saniyar ɗaure a bakin gona, ya kira ta ta amsa. Na uku mai gonar ne, Malam Lawali, wanda ya ce shi a kasuwar Shinkafi ya saye ta, da rana tsaka, gaban dillali, da abin da ya tara na wake.

Kafin a shiga, mai gari ya ja ni gefe ya faɗa mini abin da ke ƙasa. Tsaran Hamma da yawa sun riga sun shiga daji, kuma sun aiko masa cewa ya zo kawai, za su karɓo masa saniyarsa da riba. Ubansa ne ya riƙe shi, ya ce akwai alƙali. Shi kuma Lawali, 'yan sa-kai na ƙauyensu sun ce masa kada ya je ko'ina, Bafillacen da ya nuna saniyar mutum leƙen asiri ya zo. Ke nan kowannensu ƙin maganar mutanensa ya yi ya zo wurinmu. In shari'ar ta ƙare a kotu, saniya ɗaya ce za ta koma hannun mutum ɗaya. In ta fi ƙarfin kotu, yaron zai tafi daji da sunan Lawali da sunan ƙauyensu a bakinsa.

Alƙalinmu na lokacin dattijo ne mai sanyin murya, ba ya gaggawa ko da rufin kotu na ci da wuta. Ya saurari kowa, sannan ya tambayi wanda zai karɓi ajiya. Mai gari ya sunkuyar da kai. Liman ya aiko cewa a yi masa afuwa. Ban ga laifinsu ba, a shekarar nan saniya a gidanka gayyata ce. Alƙali ya dube ni ya ce, "Masinja, karɓi igiya." Na kafa turke a bayan kotu gindin tsamiya. Da muka keɓe ya ce mini, "In ta mutu hannunmu ko ta ɓace, babu mai yarda ba mu munka cinye ta ba. Ka kula."

Na san abin da ke ranku, don na ga bakin wancan yana motsi. A kwance ta mana, a ga wanda za ta bi! Haka Hamma ya ce a zaman farko. Alƙali ya ce, "Ɗana, in ta bi ka, ta nuna ta san ka. Ba ta iya gaya muna ko kun sai da ta ko ba ku sai da ba." Aka duba tsagar kunne, ta yi daidai da ta gidan Juli, amma rabin danginsu irin tsagar ke gare su. Alƙali ya ce Juli ya kawo mai shaida, ko da mutum ɗaya ne adali wanda ya san saniyar a hannunsa, sai ya cika da rantsuwa.

Juli ya nuna ɗansa. Alƙali ya girgiza kai, ya ce shari'a ba ta karɓar shaidar ɗa ga ubansa.

Hamma ya miƙe tsaye. "Ni nit tatsi uwatta! Hannuna anka haihe ta! Duk duniya wa af fi ni saninta?"

"Babu," in ji alƙali. "Amma abin ubanka naka na. In na karɓi bakinka yau, gobe ɗan Lawali ya zo da nashi bakin, mi za ni ce mai? Zamna, ɗana."

Ya zauna, amma na ga yadda jijiyar wuyansa ta tashi. Hukuncin daidai ne, ni ma na sani. Sai dai je ka gaya wa saurayin da aka raba da garke cewa shi kaɗai ne ba a son jin bakinsa.

Juli ya yi tunani ya ambaci wani manomi, Malam Isiya, a ƙasar Zurmi. Shekara da shekaru a gonarsa suke sauka da rani, shanu su zuba masa taki, shi ya ba su kara da hatsi. Ya ce Isiya ya san saniyar tun tana maraƙa. Lawali kuma aka ce ya kawo dillalinsa. Aka sa rana. Kafin ranar ta zo aka rufe kasuwannin dabbobi saboda mutanen daji, aka ɗauke layin waya, mai ya zama sai an sha wuya. Dillali ya ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Ƙauyen Isiya kuwa aka ce ya watse, ba wanda ya san inda ya nufa. Ranar zama ta zo babu shaida, aka ɗage. Wata ranar ta zo alƙali ya je Gusau hanya ta rufe da shi, aka sake ɗagewa.

Ku ba ku san nauyin kalmar nan ba, "an ɗage." A bakinku ba ta fi hamma ba. Su kuwa Juli da ɗansa tun asuba suke tasowa a ƙasa, su ratsa ƙauyukan da ake binsu da ido, su zauna a benci har azahar, a ce musu an ɗage. Lawali ya bar gero yana jiran yanka ya zo, a ce masa an ɗage. Kowane zama sai na leƙa ta taga tun kafin alƙali ya fito, in ga ko dogon yaron nan yana gefen ubansa. In na hango shi sai in ji numfashina ya dawo.

Ni kuma na zama makiyayin dole. In yanko ciyawa da safe, in nemo dusa, in ɗebo ruwa, ranar da ba aiki ma ina gindin tsamiya. Matata ta ce tunda aka kawo saniyar nan ko ɗiyanta ban tambayi lafiyarsu kamar yadda nake tambayar kashin saniya ba. Gaskiyarta ce.

Wata ranar zama, da la'asar, mutane ba su gama watsewa ba, na zagaya na tarar da ita a kwance, ciki ya kumbura kamar ganga, tana nishi. Wani mai tausayi ne ya watso mata gyauron dawa ta kan katanga, shi a ganinsa alheri ya yi. In ta kai ga yanka, wa zai ba da izni? In na yanka na yanka abin da ba nawa ba, in na bari ta zama mushe. Na kwasa da gudu na tsayar da su Juli a bakin hanya, na kira Lawali. Hamma ko kallona bai yi ba. Ya ce a kawo man gyaɗa da kanwa. Ya tashe ta da ƙyar, ya sa gabanta a tudu, ya kama muƙamuƙi ya ɗura mata, ya gitta mata sanda a baki. Lawali ya tuɓe riga yana murza cikin ta hagu, gumi na zuba, Juli yana riƙe da ƙaho yana yi mata magana da Fillanci. Can ta yi wata doguwar gyatsa, ta sake yi, ciki ya fara saɓewa.

Na ce, "Sannu, Hamma. Allah shi yi albarka."

Ya goge hannu a ƙasa ya ce, "Kun ce ban san ta ba."

"Ba haka alƙali yac ce ba."

"Masinja, can daji ba a ɗage ma mutum magana." Ya ɗauki sandarsa ya yi gaba. Tsoro ya kama ni sosai, kuma da na waiga na ga tsoron ya kama Lawali fiye da ni.

Da labari ya zo cewa mutanen ƙauyen Isiya suna cikin garin Zurmi a wata makaranta, na shiga motar haya. Ba a tashi sai rana ta ɗaga, sai an ga motar farko ta fito daga can lafiya. Cikin mota ba mai magana, kowa bakinsa na motsi da addu'a, direba yana gudu yana leƙen gonakin dawa. Na sami Malam Isiya a bakin wani aji, ya shimfiɗa buhu yana gyaran fartanyar da ba shi da gonar da zai kai ta. Na ja shi bayan aji na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Jar nan mai tabo ga cinya? Na san ta. Ita tac cinye min zanen mata ga danga." Har ya yi murmushi, sai murmushin ya ɗauke. "Amma ba ni zuwa. Dubi mutanen ga. Kowa an kashe mai wani. In anka ji Isiya ya tai kotu ya tsaya ma Bahillace, mi sunana gobe? Kai kana komawa Ƙaura, ni nan nika kwana."

Ina da ikon miƙa masa sammaci, na kuma miƙa. Amma takarda ba ta ɗauko mutum, kuma shaidar da aka jawo da ƙarfi mantuwa ke kama shi a gaban alƙali. Na dawo hannu rabbana. A zaman da ya biyo baya alƙali ya dubi Hamma ya ce, "An samu mai shaida, saura ya iso. Ka ƙara muna haƙuri kaɗan."

Bayan an tashi Lawali ya nemi ganin alƙali, ni ina tsaye a ƙofa. Ya durƙusa ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ni a bar ni in tai in ɗauko Malam Isiya."

Alƙali ya ce, "Ka san in ya zo, kanka za shi ba da shaida?"

"Na sani. In ni niz zo da shi, babu mai ce mai ɗan leƙen asiri, tunda ni Bahaushe ɗan'uwanai nir roƙe shi. In tawa ta, a ba ni in samu barci. In ba tawa ba ta, ban son nononta cikin ɗiyana. Na gaji da kwana ina sauraren kukan mashin."

Muka koma Zurmi tare. A gaban mutanen makarantar nan Lawali ya ɗaga murya ya ce shi ne wanda ake ƙara, shi ya zo roƙon Malam Isiya don Allah ya je ya faɗi abin da ya sani, ko a kansa ne. Wani ya yi tsaki, wani dattijo ya ce ai wannan ba laifi. Isiya ya shiga aji ya sako hularsa.

Ranar hukunci ban sami leƙa taga ba, ina fama da shigo da mutane. Isiya ya siffanta saniyar tun bai gan ta ba, har tabon cinya, aka zagaya aka duba. Juli ya yi alwala ya rantse bai sayar ba, bai bayar ba. Alƙali ya tambayi Lawali ko yana da sauran magana ko suka a kan shaida, ya ce babu. Sai alƙali ya yanke: saniya da abin da ke cikinta na Juli ne, Lawali kuma yana da haƙƙin bin wanda ya sayar masa duk ranar da aka gan shi. Ya ƙara da abin da ban manta ba. Ya ce kowa ya ji ya kai gida, Lawali ba ɓarawo ba ne, mai saye ne da aka cuta, Juli kuma ba ɗan leƙen asiri ba ne, mai haƙƙi ne da ya biyo hanya.

Na kwance igiya daga turke, raina fari ƙal, na juya in miƙa wa Hamma, don shi ke jan dabba ba tsoho ba. Sai na ga Juli shi kaɗai.

Na ce, "Ina yaron?"

Ya ce, "Shekaranjiya ya hita da dare, bai dawo ba. Bai ɗau sanda ba."

Makiyayin da ya fita bai ɗauki sanda ba, kun san ba kiwo ya tafi ba. Lawali ya dafa tsamiya ya zauna a ƙasa.

Akwai 'yar hanya ta bayan gari da ta fi kusa da rugarsu, Juli ya ce ba ta nan zai bi ba. Ta babbar hanya zai bi, ta bakin tasha, ta Kasuwar Daji, ko da kasuwar ba ta ci. Babu waya, in ji shi, sai idon mutane. A gan shi da ita, labari ya shiga daji cewa kotu ta ba shi. Lawali ya miƙe ya ce to shi zai riƙe igiyar har ƙofar ƙauyensu, a ga da hannunsa ya bayar. Alƙali ya ce in bi su da kakina. Haka muka tafi, manomi a gaba da igiya, tsoho a gefe, ni a baya ina tura babur, duk wanda muka gamu da shi sai Juli ya tsaya ya gaya masa, ko bai tambaya ba.

A mararraba Lawali ya miƙa masa igiyar ya ce, "Baffa, Hamma za shi ji kuwa?"

Juli ya ce, "Ji kam za shi ji. Ko sun riga sun ba shi abin riƙo, shi na ban sani ba."

Ƙauyen Lawali ba a taɓa shi ba a shekarar. Ko labarin ne ya isa, ko Allah ne ya tsare kawai, ban sani ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Shari'ar dai ba inda ta karkace. Ko gaban wa aka kai ta, ba zai sami abin gyara ba.

Bayan an buɗe kasuwanni da daɗewa na gamu da Juli a Shinkafi, a layin masu kanwa. Ya rame, gemun ya ƙarasa fari. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambayi alƙali, ya tambayi iyali. Na tambayi saniya, ya ce ta haifi mace, har ta sake ɗaukar wani cikin. Na yi ta juya maganar a bakina, sannan na ce, "Yaron fa? Ya dawo?"

Ya ɗauki ƙullin kanwarsa ya rataya a sanda. Ya ce, "Masinja, saniya kunka maishe min."